Kayan atisayen golf: tambayoyin da masu wasa suka fi yi kafin su fitar da kuɗinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu koyon golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, da ma waɗanda suka daɗe suna bugawa amma makinsu ya tsaya cak. An rubuta bayanin da na-dama a zuciya. Bahago sai ya juya hagu da dama a duk inda aka ambace su.

Me ake nufi da kayan atisaye, kuma da me suka bambanta da kayan wasa?

Kayan wasa su ne waɗanda doka ta yarda ka buga da su a fili: sanduna da ba su wuce 14 ba, ƙwallo, safar hannu, da ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai, wato ti. Kayan atisaye kuwa aikinsu koyarwa ne. Akwai masu nuna maka kuskure, kamar sandunan saiti, madubi da hodar da ake fesa wa fuskar sanda. Akwai masu tilasta wa jiki bin wata hanya, kamar mariƙi mai gurbin yatsu ko ɗamarar da ke haɗe hannuwa. Akwai na motsa jiki da ƙara gudu. Sannan akwai na'urorin awo.

Rukunin farko ya fi daɗewa yana amfani, domin kai ne kake gyaran da kanka, kayan kuwa sheda kawai suke bayarwa. Rukuni na biyu yana sa ka ji yadda daidai yake, amma da ka cire shi jiki kan koma gidan jiya.

Ta yaya zan san abin da nake buƙata?

Kada ka fara da kasuwa, fara da takardar maki. Ka buga zagaye huɗu ko biyar (zagaye shi ne bin ramukan fili daga farko har ƙarshe), a kowane rami ka rubuta abu huɗu: ina bugun farko ya faɗi (tsakiya, hagu, dama, ko ya ɓace), bugu nawa ka yi kafin ka hau girin (askakkiyar ciyawar da ke kewaye da rami), sau nawa ka buga fota (sandar gangara ƙwallo zuwa rami), da bugun hukunci idan akwai. Daga nan za ka ga inda makin ke zuba. Mutane da yawa sun yi imani fota ce matsalarsu, saboda ƙwallon da ta kuskure rami da ɗan yatsa ta fi tsayawa a rai. Da sun duba takarda sai su tarar ƙwallo uku ko huɗu suke ɓatarwa a daji a kowane zagaye.

Mark Broadie, farfesa a Jami'ar Columbia ta Amurka, shi ne ya fito da hanyar lissafin da ke auna kowane bugu da matsakaicin abin da sauran 'yan wasa ke yi daga wuri ɗaya, kuma gasar PGA Tour ta fara amfani da ita a ɓangaren fota a 2011. Abin da lissafinsa ya nuna shi ne kusan kashi biyu cikin uku na tazarar maki tsakanin 'yan wasa daga dogayen bugu yake fitowa, ba daga kusa da rami ba. Na'urori irin su Arccos da Shot Scope, waɗanda ake ɗaura wa ƙarshen mariƙi, wannan lissafin suke yi maka. Amma biro da takarda ma sun isa a matakin farko.

Idan da hali, darasi ɗaya wurin koci kafin ka sayi komai ya fi kayan atisaye uku da aka saya da ka. Alama ɗaya tana iya fitowa daga sababi daban-daban, kuma kayan da ke maganin ɗaya kan ƙara dagula ɗayan.

Wace alama ce ke nuna kayan atisaye mai amfani ne?

Ya ba ka amsa nan take, amsar da ba ta buƙatar fassara: ka taɓa ko ba ka taɓa ba, ƙwallo ta wuce ƙofa ko ta bugi tsinke. Ya zama abu ɗaya yake gyarawa. Ya bar ka ka buga ƙwallo ta gaske da sandarka ta gaske. Kuma ya zama saka shi ba ya cin fiye da minti ɗaya ko biyu, domin duk abin da sai an yi ta ɗaure-ɗaure kafin a fara, ƙarshensa bayan ƙofa ne. Tallan da ya yi alkawarin gyara komai, ko ƙara yadi 30 cikin mako guda, a bar shi inda aka gan shi.

Kuɗina kaɗan ne. Me zan fara saya?

Sandunan saiti guda biyu. Siraran sanduna ne masu tsawon kimanin mita 1.2, kuma duk wani abu miƙaƙƙe mai wannan tsawon zai yi aikin, ko da sandunan da ke cikin jakarka ne. Ga yadda ake shimfiɗa su: ka tsaya bayan ƙwallo ka zaɓi abin da kake nufi, ka ajiye ta farko ɗan nesa da ƙwallon ta waje tana kallon wurin, sannan ka ajiye ta biyu a gaban yatsun ƙafarka, daidai da ta farko kamar layin dogo. Kuskuren da aka fi yi shi ne nuna sandar ƙafa kai tsaye ga tuta. Idan ka yi haka, jikinka ya kalli dama da inda kake nufi, sai hannuwa su riƙa jawo sanda ta hagu don su rama, daga nan kuma matsalar karkatar ƙwallo ta samo tushe. Layin ƙafa gefen hagu na tuta yake wucewa, ba kanta ba.

Idan ka gitta ɗaya tsakanin ƙafafunka ta fuskanci ƙwallo, za ta nuna maka matsayin ƙwallon: kusan tsakiya ga gajerun ƙarafa, wato sanduna masu siririn kan ƙarfe da lamba a jiki, kusa da dunduniyar hagu ga direba, wato sandar nan mai babban kai. Bayan sandunan saiti, sai tawul, tsinkayen ti, da maka ta farin allo, wato alƙalamin rubutu a farin allo. Amfanin kowannensu yana cikin amsoshin da ke ƙasa.

Ƙwallona kullum lanƙwasawa take yi zuwa dama. Wane kaya ne maganinta?

Sai an fara sanin abin da ke jawo ta. Abu biyu ke yanke hukuncin tafiyar ƙwallo: inda fuskar sanda ke kallo a lokacin haɗuwa, da hanyar da kan sanda ya biyo. Fuska ce ke da rinjaye kan inda ƙwallo za ta fara nufa, musamman da direba. Lanƙwasa kuma daga saɓanin fuska da hanya take zuwa. Idan fuskar tana kallon dama da hanyar da sanda ke bi, ƙwallo za ta juya ta tafi dama, abin da 'yan wasa ke kira silais.

Don haka ka duba farkon tashinta. Idan ta fara ta dama ta ƙara yin dama, fuska ce a buɗe, kuma yawanci riƙo ne sanadi. Ka kalli hannunka na hagu bayan ka riƙe sanda: ya kamata ka ga gaɓoɓin yatsu biyu zuwa uku. A nan mariƙi mai gurbin yatsu yana taimakawa, a saka shi a tsohuwar sanda a riƙa riƙewa minti biyar kullum a gida. Idan kuwa ta fara ta hagu sannan ta dawo dama, hanya ce ke yankowa daga waje zuwa ciki. Ka ajiye hular direba ko kwalin da ba komai a ciki ta wajen ƙwallo, ɗan baya kaɗan, tazarar yatsu uku ko huɗu daga inda kan sanda zai wuce. Mai yankowa daga waje zai buge shi. Kada a yi wannan da katako ko bulo.

A gyara fuska kafin hanya. Wanda ya gyara hanya ya bar fuska a buɗe, ƙwallonsa za ta ƙara nisa cikin daji ne. Akwai kuma sababi na uku da ake mantawa da shi, yana cikin amsa ta gaba.

Yaya zan gane wurin da ƙwallo ke taɓawa a fuskar sanda?

Ka shafa wa fuskar maka ta farin allo, ko ka fesa mata hodar ƙafa, ko ka manna takardar da ake sayarwa don wannan aiki. Ka buga ƙwallo biyar, ka duba tabon, ka goge. Takardar mannawa tana ɗan canza juyin ƙwallo, saboda haka idan kana awo da na'ura, hoda ko maka sun fi.

Wannan gwajin ya fi kuɗinsa daraja nesa ba kusa ba. Da direba, bugun da ya sauka ta gindin fuska, kusa da ƙota, yana sa kan sanda ya ɗan murɗa, ƙwallon ta ɗauki juyin da ke kai ta dama. Wanda ya sauka ta ƙarshen fuska yana kai ta hagu. Ke nan mutum na iya samun riƙo mai kyau da hanya mai kyau, ƙwallonsa na tafiya dama, don kawai ya tsaya kusa da ita fiye da kima. Idan tabon ya taru a gindi, ka kafa ti biyu a ƙasa, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki, faɗinsu ya ɗan wuce kan sanda, ka riƙa wucewa tsakaninsu ba tare da ka taɓa ko ɗaya ba.

Sandata tana cin ƙasa kafin ta kai ga ƙwallo. Me zan yi amfani da shi?

Da ƙarfe, ƙwallo ake fara bugu sannan ƙasa, wato wurin da sanda ta fi yin ƙasa yana 'yan santimita a gaban ƙwallon. Ka ninka tawul ka shimfiɗa shi kimanin santimita 12 zuwa 15 a bayan ƙwallo, ka ɗauki gajeren ƙarfe ka fara da rabin kaɗawa. Idan ka kwashi tawul, nauyinka ya tsaya a ƙafar dama, ko ka saki wuyan hannu da wuri kana ƙoƙarin ɗaga ƙwallon sama. Idan kana bugu goma ba ka taɓa shi ba, ka matso da shi kusa. A ƙasa mai yashi ma ba sai da tawul ba: ja layi da sanda, ka yi ta kaɗawa, kowane tabo ya fara daga layin zuwa gaba.

Buhun bugu, wanda ake dukan sa don a ji yadda hannuwa ke gaba da kan sanda a lokacin haɗuwa, yana da amfani idan aka yi a hankali. A cika shi da tsummoki. Yashi ko tsohuwar taya suna mayar da ƙarfin dukan cikin wuyan hannu da gwiwar hannu, kuma suna iya lanƙwasa ƙota.

Tabarmar ciyawar roba da raga a gida suna da amfani?

Suna da shi, domin minti 15 kullum ya fi awa uku sau ɗaya a wata. Amma tabarma tana ɓoye laifi. A kan ciyawa ta gaske, sandar da ta sauka bayan ƙwallo nutsewa take yi, bugun ya mutu. A kan tabarma sai ta yi tsalle ta zame ta sami ƙwallon, ka ji kamar ka yi daidai. Saboda haka duk mai atisaye a tabarma ya haɗa da gwajin tawul da aka bayyana a sama. Raga kuma ba ta nuna maka inda ƙwallo za ta je, sai ka haɗa ta da hodar fuska ko na'urar awo.

Wajen saye, ka nemi tabarma mai kauri mai soso a ƙasa, wadda za ka tsaya a kanta kai da ƙwallon a tsayi ɗaya. Siririya a kan siminti ita ke kawo ciwon gwiwar hannu. Raga ta kai kamar mita 3 faɗi da tsayi, a rataye ta da sako-sako don ta shanye ƙarfin ƙwallo, a bar aƙalla rabin mita tsakaninta da bango. Ƙwallon da mai ƙarfi ya buga da direba tana iya wuce gudun kilomita 240 a awa. Rana tana cinye zaren raga a hankali har ya ruɓe ba a sani ba, don haka a riƙa duba ta, a naɗe ta in an gama. A gidan da yara ke kai-komo, ƙwallon soso kawai za a yi amfani da ita.

Wane kaya ne ya fi gyara fota?

Abu biyu ake koyo a fota, kuma kayansu daban: fara ƙwallo a kan layi, da auna ƙarfi. Faɗin rami santimita 10.8 ne. Idan fuskar fota ta kauce da digiri ɗaya tak, daga nisan mita 3 ƙwallon za ta kauce da sama da santimita 5, wato ta kai bakin rami ke nan. Don layi, ka kafa ti biyu kamar santimita 40 a gaban ƙwallo, tazararsu santimita 5, tunda faɗin ƙwallon ya ɗan wuce santimita 4. Ka tura ta ta wuce tsakaninsu. A ɗaki, doguwar rula ta ƙarfe tana yin wannan aikin: ɗora ƙwallo a kan ƙarshenta, ka buga ta bi kanta har ta sauka ta ɗaya ƙarshen. Madubin fota yana nuna ko idanunka na saman ƙwallo ko ɗan ciki kaɗan, da ko kafaɗunka sun miƙe.

Auna ƙarfi kuwa ba ya buƙatar sayen komai, kuma shi ne ke hana fota uku a rami ɗaya. Ka kafa alama a mita 3, 6 da 9, ka riƙa bugawa kana sauya nisa kowane bugu. Kada ka matsa wa kanka kan shigar da dogaye: 'yan wasan PGA Tour ma kusan rabi suke shigarwa daga nisan ƙafa 8, wato kimanin mita 2.4. Tabarmar fota ta ɗaki tana koyar da layi, amma gudunta ɗaya ne kullum, kuma idan daɓen ya karkata za ta koya maka saitin da ba daidai ba.

Filinmu ƙasa ce mai tauri, wani wurin ma yashi ne maimakon girin. Wannan zai canza abin da zan saya?

Zai canza. A wuraren da ruwa ke wuya akwai filayen da ake fota a kan yashin da aka cakuɗa da mai aka daddale, wanda 'yan wasa ke kira buraun. Ƙwallo ba ta gudu a kansa kamar a ciyawar da aka aske, don haka tabarmar fota mai santsi ba za ta koya maka ƙarfin da kake buƙata ba. Ka ɗauki layi daga gida, ka koyi ƙarfi a filin da kake wasa. A lokacin hunturu da bazara kuma, ƙasa kan bushe ta yi tauri, kuskuren santimita ɗaya ya sa sanda ta yi tsalle ta bugi cikin ƙwallo. A irin wannan yanayi atisayen layi da tawul ya fi kowane muhimmanci.

Nisan da ka auna a wani gari ma ba lallai ya bi ka wani ba. Jos tana kimanin mita 1,200 sama da teku, iskarta ba ta da kauri, don haka ƙarfe mai lamba 7 a filin Rayfield zai fi nisa a kan yadda zai yi a Ikoyi ta Legas.

Sandunan ƙara gudu suna aiki da gaske?

Suna aiki ga wanda ya bi tsarin. Na kamfanin SuperSpeed uku ne, biyu sun fi direba sauƙi, ɗaya ta ɗan fi ta nauyi, ana kaɗa su da iyakar ƙarfi ba tare da ƙwallo ba, kamar sau uku a mako da hutun kwana a tsakani. Duk mil ɗaya a awa da ka ƙara a gudun kan direba yana kawo kusan yadi biyu da rabi, muddin ƙwallo na sauka a tsakiyar fuska. Wannan sharaɗin shi ne wurin da mutane ke faɗuwa: idan gwajin hoda ya nuna tabonka a warwatse yake, nisan da kake nema yana tsakiyar fuska, ba a ƙarin gudu ba. A ɗumama jiki sosai kafin a fara, kuma mai ciwon baya ko kafaɗa ya ga likita tukuna. Ba tare da ƙaramar na'urar auna gudu ba, ba za ka san ko kana ci gaba ba.

Sanda mai laushin ƙota da nauyi a ka, irin Orange Whip, aikinta daban ne. Tana koyar da natsuwa: idan ka fizgo ta daga sama da gaggawa, za ka ji ta bijire maka.

Wayata za ta iya zama kayan atisaye?

Ƙwarai, in an ajiye ta daidai. Ka sa ta a ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, ka ɗora ta a kan abin tsayawa. Daga baya, kyamarar ta kasance a tsayin hannuwanka, a kan layin hannuwan, tana kallon inda kake nufi. Daga gaba, ta fuskanci tsakiyar jikinka. Idan ta kauce da taku ɗaya, sanda mai bin hanya daidai za ta bayyana kamar tana yankowa, ka shiga gyaran abin da lafiyarsa ƙalau. Bidiyon da kadi, wato mai ɗaukar maka jakar sanduna, ya ɗauka da waya a hannu yana tsaye duk inda ya ga dama ba abin dogaro ba ne. Ka sa alama a ƙasa don ka riƙa ajiye ta wuri ɗaya, ka kuma duba abu ɗaya kawai a kowane bidiyo.

Na'urar auna tashin ƙwallo ta cancanci kuɗinta?

Iri biyu ne. Masu rada, kamar TrackMan na ƙasar Denmak, FlightScope Mevo da Garmin R10, a bayan ƙwallo ake ajiye su suna bin ta a iska. Masu kyamara, kamar GCQuad, a gefe suke zama suna ɗaukar hoton farkon tashinta. Ƙananan masu rada suna son kamar mita 2 a bayan ƙwallo da wajen mita 2.5 a gabanta kafin raga, don haka ka auna wurinka kafin ka yi oda. Manyan na ƙwararru dubban daloli ne, ƙananan kuma ɗaruruwa. Ƙananan sun fi iya auna gudun ƙwallo da nisan da ta yi a iska, amma juyin ƙwallo sau da yawa ƙiyasi suke yi. Ka tambaya ko manhajar tana buƙatar biyan kuɗi duk shekara.

Babban amfaninta ga mai koyo shi ne sanin ainihin nisan kowace sanda: buga goma, cire mafi kyau da mafi muni, ɗauki matsakaicin sauran. A yi wannan da irin ƙwallon da ake wasa da ita, domin na filin atisaye galibi sun gaji. Lamba ta biyu mai amfani ita ce gudun ƙwallo a raba da gudun sanda. Da direba, iyakarta kusan 1.5 ce. Wanda ke samun 1.35 ya koma ga amsar hodar fuska.

Zan iya amfani da waɗannan kaya a lokacin wasa?

A'a. Dokokin da hukumomin golf, R&A ta St Andrews da USGA ta Amurka, ke fitarwa, a doka ta 4.3, sun hana amfani da kayan atisaye don gwada kaɗawa ko shirya bugu a cikin zagaye. Karo na farko hukuncinsa bugu biyu ne, ko rasa ramin idan wasan rami-da-rami ake yi. Karo na biyu kora ce daga gasar. Kana iya barin sandar saiti a jaka, har ka ɗora ta a kafaɗa ka miƙe jiki, amma ba ka shimfiɗa ta a ƙasa don saiti ba. Ko sandar wasa ba a yarda ka ajiye a ƙasa don ta nuna maka tsayuwa ba. Sandar atisaye mai kai da ƙota gara a bar ta a mota, kada a ƙirga ta cikin 14. Na'urar auna nisa an halatta ta tun 2019, sai dai idan kwamitin gasa ya hana, kuma dole a kashe ɓangaren da ke lissafin tudu da gangare.

Ina yin kyau da kayan a wurin atisaye, amma a fili sai komai ya rushe. Me ya sa?

Domin a wurin atisaye kana buga sanda ɗaya sau talatin a jere, sandar saiti na ƙasa tana yi maka rabin aikin. A fili kuwa bugu ɗaya kake da shi, da sanda daban, bayan tafiyar minti biyar. Dole a yaye jiki daga kayan tun a wurin atisaye. Idan kana da ƙwallo 60, ka buga 20 na farko da kayan, a hankali. A 20 na biyu ka riƙa sauyawa: uku da kayan, uku babu. Na ƙarshe 20 ka kwashe komai daga ƙasa, ka yi kamar kana zagaya filinku: direba, sannan ƙarfe 7, sannan gajeren bugu, kowanne da wurin da kake nufi daban, kana tsayawa bayan ƙwallo kana saiti kamar yadda za ka yi ranar gasa. Ka rubuta nawa ne cikin 20 ɗin suka faɗi inda ka nufa.

Ka ba kaya ɗaya mako huɗu zuwa shida kafin ka yanke masa hukunci, kuma kada ka haɗa gyara biyu a lokaci guda, don ka san wanne ya yi aiki. A makon farko bugu kan ƙara lalacewa kafin ya daidaita, musamman idan riƙo aka taɓa. Bayan makonnin, ka sake buga zagaye huɗu ko biyar da irin rubutun da aka bayyana a amsa ta biyu, ka gwada takardun biyu. Idan adadin ƙwallayen da ke ɓacewa ko na fota uku bai ragu ba, ka koma wurin koci da takardun a hannunka, a sake duba sababin.